WAYAR SALULA DA LAFIYAR JAMA'A: ME BINCIKE YA TABBATAR?

A cikin watan Satumba na 2024 aka bayyana sakamakon wani babban nazari wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyinsa, domin a gano ko wayar salula tana haddasa ciwon daji a ƙwaƙwalwa. Masana 11 daga ƙasashe 10, a ƙarƙashin jagorancin Dokta Ken Karipidis na hukumar kare jama'a daga turiri ta Ostareliya, suka tace rahotanni fiye da 5,000, suka zaɓi 63 mafi inganci waɗanda aka buga tsakanin 1994 da 2022. Hukuncinsu shi ne ba a sami alaƙa tsakanin wayar da wannan ciwo ba, ko ga waɗanda suka yi shekara goma ko fiye suna amfani da ita.

Amma fa tun 2011 wani reshe na wannan hukuma, watau cibiyar binciken ciwon daji da a ke kira IARC mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ya sa igiyoyin rediyo cikin jerin abubuwan da "mai yiwuwa" su jawo ciwon daji. Ga magana biyu ke nan daga gida ɗaya. Wajibi ne ma'aikacin da takardar koke-koken mutanen unguwa a kan turken sadarwa ta iso teburinsa, da mai gidan da kamfani ya nemi hayar filinsa, da ɗalibin da ke kwana da waya a ƙarƙashin matashi, su fahimci yadda maganganun nan biyu suka haɗu.

IRIN TURIRIN DA A KE MAGANA A KAI

Wayar salula ƙaramar rediyo ce mai aikawa da karɓa. Tana hulɗa da turken da ke kusa da ita ta hanyar igiyoyin lantarki da maganaɗisu, irin waɗanda gidajen rediyo da talabijin suka daɗe suna watsawa. Waɗannan igiyoyi dangi ne na hasken rana da hasken ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Abin da ya bambanta su shi ne saurin kaɗawarsu. Na wayar GSM su kan kaɗa sau miliyan 900 ko miliyan 1,800 a sakan guda, na 5G da a ke amfani da su a Nijeriya kuwa wajen sau miliyan 3,500.

Duk da girman waɗannan lambobi, igiyoyin rediyo suna can ƙasa ƙwarai da hasken da ido ke gani. Hasken hoton ƙashi da turirin nukiliya suna da ƙarfin tsinka sinadaran da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, kuma daga nan ne ciwon daji kan samo tushe. Igiyoyin rediyo ba su da wannan ƙarfi. Illar da aka tabbatar suna yi wa jiki ita ce ɗumama nama in sun yi yawa.

A kan wannan ɗumi aka gina ka'idojin tsaro. Gwaje-gwaje sun nuna cewa in jiki duka ya sha wat 4 a kowane kilo na nauyinsa na tsawon rabin sa'a, zafinsa kan ƙaru da kimanin digiri ɗaya. Hukumar masana ta ƙasa da ƙasa mai suna ICNIRP, a ka'idojinta na 1998 waɗanda ta sabunta a 2020, ta raba wannan adadi gida 10 domin ma'aikatan da ke hawa turaku, ta raba shi gida 50 domin sauran jama'a. Ga wayar da a ke karawa a kunne, iyakar ƙasashen Turai wat 2 ce a kowane kilo, ta Amurka kuwa wat 1.6.

ASALIN FARGABAR

Tsoron nan ya girmi wayar salula. Daga 1953 zuwa 1976 Tarayyar Sobiyet ta riƙa harba irin waɗannan igiyoyi a kan ofishin jakadancin Amurka da ke Mosko. Da asirin ya tonu, aka sa masanan Jami'ar Johns Hopkins suka bi lafiyar ma'aikatan ofishin, kuma rahotonsu na 1978 bai nuna sun fi takwarorinsu na wasu ofisoshin jakadanci mutuwa ko ciwo ba. Sai kuma a 1993 wani mutumin jihar Fulorida ya fito a talabijin ya ce waya ce ta jawo wa matarsa ƙarin ƙwaƙwalwar da ya yi ajalinta. Kotu ta kori ƙararsa a 1995 saboda rashin hujja, amma zancen ya riga ya gama duniya. A 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shiri na musamman domin bin diddigin al'amarin.

ABIN DA AKA GANI GA MUTANE

Bincike mafi girma na farko shi ne wanda aka laƙaba wa Interphone, aka gudanar a ƙasashe 13, aka buga sakamakonsa a 2010. An tambayi dubban masu ƙari a ƙwaƙwalwa da kuma masu lafiya yawan kiran da suka yi a shekarun baya. A dunƙule ba a ga ƙaruwar ciwo ba. Sai dai a cikin kashi ɗaya bisa goma na waɗanda suka fi kowa daɗewa a kan waya, watau sa'a 1,640 ko fiye, an ga alamar ƙarin haɗari na kashi 40 cikin ɗari ga wani irin ƙari da likitoci ke kira giliyoma.

Masu binciken da kansu suka ja kunne a kan wannan adadi. Majinyacin da ke neman dalilin ciwonsa ya kan ƙara gishiri ga abin da ya tuna ba tare da ya sani ba. Har akwai waɗanda suka ce su kan yi fiye da sa'a 12 kullum suna waya. Daɗin daɗawa, lissafin ya nuna wai masu amfani da waya daidai wa daida sun fi waɗanda ba su taɓa ta samun tsira daga ciwon, abin da hankali ba zai karɓa ba, kuma wanda ya nuna akwai tangarɗa a yadda aka zaɓo mutanen.

Domin kauce wa wannan matsala, wasu masana suka bi wata hanya: a rubuta mutane tun suna da lafiya, a jira a ga abin da zai same su. A Denmak an bi masu layin waya fiye da 358,000, a Ingila mata wajen 776,000 na tsawon shekara 14, sannan wani bincike mai suna COSMOS ya bi mutum kimanin 250,000 a ƙasashen Turai, ya ba da rahoto a 2024. Dukansu ba su ga ƙarin ciwon ƙwaƙwalwa ga masu yawan waya ba. Har wa yau, littattafan rajistar ciwon daji na Amurka da Ostareliya da ƙasashen arewacin Turai ba su nuna hauhawar da ta dace da yadda waya ta game hannun kowa cikin shekara talatin ba. Da a ce wayar tana yin ɓarna irin ta taba sigari, da tuni ta bayyana a waɗannan littattafai.

MA'ANAR "MAI YIWUWA"

To, me ya sa masana 31 daga ƙasashe 14 da suka taru a Liyon a watan Mayu na 2011 suka sa igiyoyin rediyo a rukunin da a ke kira 2B? Dalili shi ne aikin cibiyar auna ƙarfin hujja ne, ba auna girman haɗari ba. Rukuni na 1 na abubuwan da aka tabbatar ne, kamar taba da barasa. Rukunin 2B kuwa na waɗanda aka ga 'yar alama ne, amma ba a iya kawar da zaton kuskure ko katari ba. Kofi ma ya zauna a wannan rukuni daga 1991 har 2016, lokacin da sababbin hujjoji suka sa aka fitar da shi.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. A 2018 wata hukumar gwamnatin Amurka ta kammala gwajin da ya ci dala miliyan 30, inda aka riƙa haska ɓeraye da igiyoyin waya sa'a tara kullum har shekara biyu. An sami ƙari a jijiyoyin zuciyar wasu daga cikin mazan ɓerayen, ba a sami tabbatacciyar shaida ga matan ba. Ƙarfin da aka haska musu ya kai wat 6 a kowane kilo na jiki duka, watau ninki 75 na iyakar da aka yarje wa jama'a, kuma abin mamaki, mazan da aka haska sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai. Wani nazarin gwaje-gwajen dabbobi da aka buga a 2025 ya ɗauki wannan shaida da muhimmanci, kuma tun 2019 masu ba cibiyar ta Liyon shawara suka nemi a sake zama a kan batun. Wannan ya isa dalilin ci gaba da bincike, amma bai isa dalilin firgita ba.

TURAKU A CIKIN UNGUWA

A Nijeriya, inda aka fara GSM a watan Agusta na 2001, layukan waya suka tashi daga ƙasa da rabin miliyan har suka haura miliyan 200 a 2020, yawancin koke-koke a kan turaku ne. Alhali kuwa ƙarfin igiya ya kan ragu da nisa: in tazara ta ninka biyu, ya koma kashi ɗaya bisa huɗu. Eriyar da ke ƙololuwar turke tana jefa igiyarta can nesa kamar fitilar mota, ba ƙarƙashinta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa awon da aka yi a ƙasashe dabam-dabam ya nuna abin da ke isa ga jama'a daga turaku bai wuce kashi 2 cikin ɗari na iyakar da aka ƙayyade ba, sau da yawa ma ƙasa da haka ƙwarai. Wayar da ke manne da kunne ta fi turken ba jiki turiri, kuma ta kan ƙara ƙarfinta ne in turke ya yi mata nisa. Saboda haka unguwar da ta kori turke ta sa wayoyin mazaunanta yin aiki da ƙarfi fiye da da.

Rashin bayani ne ya kan buɗe wa jita-jita ƙofa. A 2020 aka baza cewa 5G ce ke yaɗa cutar korona, har aka ƙona turaku masu yawa a Ingila, Majalisar Dattawan Nijeriya kuma ta sa kwamitocinta su bincika. Amma cutar ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2020, ba a kuwa fara sayar da sabis na 5G ba sai 2022. Saɓanin hukumomi shi ma ya taimaka wajen ruɗa jama'a: akwai lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ce tazarar mita 5 tsakanin turke da gida ta isa, ita kuwa hukumar kare muhalli, a dokarta ta 2011, ta ce sai mita 10.

Abin lura shi ne, a gindin turaku da yawa akwai janareta mai shan gas da ke ruri dare da rana. Hayaƙin injin dizal kuwa tun 2012 cibiyar nan ta Liyon ta sa shi a rukuni na 1, tare da taba. Wanda ya tsaya tsoron eriya ya manta da hayaƙi da ƙara da malalar mai kusa da rijiya da faɗuwar turken da ya yi tsatsa, ya bar jaki yana dukan taiki.

AIKIN DA KE GABAN HUKUMA

Faransa ta nuna yadda ya kamata a yi. A watan Satumba na 2023 hukumarta mai kula da igiyoyin rediyo ta gwada wayar iPhone 12, ta sami wat 5.74 a kowane kilo in an riƙe ta a hannu ko an sa a aljihu, alhali iyaka wat 4 ce. Nan take ta hana sayar da ita, sai da kamfanin ya gyara manhajar wayar aka janye hanin. Ba a ce wani ya yi ciwo ba, domin akwai tazara mai faɗi tsakanin iyakar doka da inda illa ke farawa. An dai nuna cewa doka ba ado ba ce.

Irin wannan aiki ne ya dace hukumomin Nijeriya su ba fifiko: a riƙa auna turaku a kai a kai, musamman kusa da makarantu da asibitoci, a manna sakamakon inda mai unguwa da jama'arsa za su gani, a tsananta gwajin wayoyin da ke shigowa kasuwa ta bayan fage, a kuma ƙarfafa rajistar ciwon daji a asibitocin koyarwa domin ƙasa ta sami alƙalumanta na kanta. Wanda hankalinsa bai kwanta ba kuwa, yana iya amfani da abin sawa a kunne ko lasifikar wayar, ya kuma taƙaita hira inda sabis ba shi da ƙarfi. Direbobi su sani cewa haɗarin wayar da babu gardama a kansa shi ne amsa kira a kan sitiyari.