Shan Tramol Ciwo Ne, Wurin Lokotoro Ake Kai Shi

A tashoshin mota na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, babu wanda bai san sunan tramol ba. Ɗan kabu-kabu yana sha domin ya wuni bisa moto, ɗan dako yana sha domin kada ya ji nauyin buhu, manomi kuma yana sha lokacin da aikin gona ya yi tsanani. Asalinsa magani ne na ƙwarai, wanda aka fara sayarwa a ƙasar Jamus cikin shekarar 1977 domin kwantar da zafin ciwo. Amma dangin ofiyom ne, gidansu ɗaya da morfin, kodin da hiroyin. Lokotoro ba ya ba babban mutum fiye da miligiram 400 a yini guda. Ƙwayar da ake sayarwa bisa tebur kuwa takan kai miligiram 200, 225 ko 250, wato wanda ya haɗiyi biyu masu 225 ya riga ya ƙetare iyaka.

Ƴan duwan da jandarmomi suna kama wannan kaya a kan hanyoyi, aikinsu kuma ya cancanci yabo. Ƙasar Indiya, inda ake yin mafi yawansa, ta tsananta dokarsa a 2018. Sai ƴan sumoga suka koma ga wata ƙwaya mai haɗe da tafentadol, wadda ita ma Indiya ta hana yin ta a 2025. Duk wannan ya wajaba. Sai dai tare hanya ba ya warkar da yaron da ƙwaya ta riga ta kama a cikin gida.

Saboda haka ya kamata uwaye su san alamun. Na farko, abin da ke isar mutum jiya ba ya isarsa yau: daga ɗaya ya koma biyu, daga biyu ya koma huɗu. Baƙin idonsa ya tsuke, yana gyangyaɗi tsakar rana, yana susa, bayan gida ya yi masa wuya. Kuɗi ba ya zama hannunsa, kayan ɗaki su fara ɓacewa. Babbar shaida ita ce ranar da bai samu ba: kafin a yi kwana guda sai hamma, hawaye da majina, zufa, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki da zawo, rashin barci da faɗa ba dalili. A wannan mataki ba daɗi yake nema ba, gudun wahala yake yi, domin jikinsa ya saba.

Nan ne gidaje da yawa ke kuskure. Tramol mai yawa yana kawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, sai a ce iska ce ta buge yaro, a shiga yawo da shi, a sayar da akuya da hatsi, ciwon kuwa yana nan. Wasu su kulle shi ɗaki ko su sa masa mari, wasu su roƙi a kai shi kaso ya yi hankali. Addu'a da nasiha suna da matsayinsu, babu mai musu. Amma tsayar da ƙwaya dare ɗaya azaba ce wadda mutane kaɗan ke jurewa, mafi yawa kuma suna komawa da zarar an sake su.

Hanyar da ta dace tana farawa daga likitar unguwa ko ta gari. A faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya: wace ƙwaya, guda nawa a yini, tun yaushe. Shi ne zai tsara yadda za a rage ta sannu a hankali, ya ba da abin da zai sauƙaƙa zawo, ciwon jiki da rashin barci, ko ya tura maras lafiya babbar likita. A babbar likitar ƙasa ta Yamai akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can kuma ba ya nufin mutum ya haukace. Ga wanda abin ya yi wa nisa akwai metadon da bufrenorfin, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin magungunan da ba makawa tun 2005. Ƙasar Senegal ta buɗe cibiya domin masu wannan ciwo a Dakar a ƙarshen 2014, inda ake ba da metadon. Abin da ya yiwu a Dakar bai kamata ya gagari manyan biranen Nijar ba.

Akwai haɗarin da ba kowa ya sani ba. Wanda ya bari na ƴan makonni jikinsa ya manta da ƙwaya. Idan ya koma ya sha adadinsa na da, tana iya tsayar masa da numfashi. Don haka komawa ba dalilin korar yaro daga gida ba ne, dalilin maida shi wurin lokotoro ne. In kuwa aka tarar da mutum ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai, kada a ɗura masa madara ko ruwa. A kwantar da shi bisa gefensa, a gaggauta kai shi likita tare da kwalin abin da ya sha, domin akwai allurar naloksan mai maido da numfashi idan an iso da wuri.