Kamaru: ana jarrabawar ilimin kwamfuta, amma ɗalibai nawa suka taɓa kwamfutar?

A duk shekara idan lokacin jarrabawar ƙasa ya zo a Kamaru, ɗaliban da ke neman BEPC da Probatoire da Bak suna zama a rarraba musu takardar enformatik kamar yadda ake rarraba ta lissafi ko ta Faransanci. Ga akasarinsu, da biro ake amsa ta. Ma'ana, yaro a Garwa ko Kuseri zai iya samun maki mai kyau a ilimin kwamfuta alhali sau biyu ko uku kacal ya ɗora yatsunsa a kan maɓallan na'urar a tsawon shekara, wani ma ko sau ɗaya. A nan ne muhawarar ingancin wannan darasi a makarantun gwamnati ta tsaya.

Ya kamata dai a ba ƙasar haƙƙinta, domin ta yi sammako. Tun a ƙarshen shekarar 2001 shugaba Paul Biya ya buɗe ɗakunan kwamfuta na farko a wasu manyan makarantun sakandare biyu na Yawunde, wato Lycée Général Leclerc da Lycée Bilingue d'Essos. A 2003 darasin ya shiga tsarin karatu na ƙasa. Daga baya aka buɗe sashen horar da malamansa a babbar makarantar horon malamai ta ENS da ke Yawunde, sannan a ta Marwa, aka kuma ƙirƙiro reshen karatu na musamman mai suna TI ga masu son yin Bak a fannin. Ita kanta Faransa, wadda aka gaji tsarin makarantun daga gare ta, sai a 2019 ta wajabta darasin kimiyyar kwamfuta ga ɗaliban ajin farko na lise, kuma sai a 2020 ta soma jarrabawar ɗaukar malaman da suka keɓanta da shi.

Abin da ke rubuce a tsarin karatun ma ba na wasa ba ne. Ban da sanin sassan na'ura da buga rubutu, ana sa ran ɗalibin lise ya san yadda ake tsara matakan warware matsala ɗaya bayan ɗaya, abin da ake kira algoritim, ya san ƙirga lambobi da sifiri da ɗaya, ya gina shafin intanet da HTML, ya taɓa harsunan rubuta manhaja irin su JavaScript da C, ya kuma iya zaƙulo bayani daga rumbun bayanai da SQL. Wannan shi ne ilimin kwamfuta na ainihi, kuma ya bambanta da iya amfani da ita, kamar yadda makanike ya bambanta da direba.

Sai dai rubuta manhaja sana'a ce da ake koyo ta hanyar kuskure. Ɗalibi ya rubuta layi goma, ya umurci na'ura ta aiwatar, ta ƙi, ya koma ya bi layin ɗaya-ɗaya har ya gano waƙafin da ya manta ko sharaɗin da ya juya. A cikin wannan kai-komo ne tunani yake nuna. Idan malami ya rubuta manhajar da alli a kan allo, ɗalibai suka kwafa a littafi, babu abin da zai ƙi aiki, don haka babu abin da za a gyara. Abin da ya rage shi ne hadda. Yaro zai zuba maka ma'anar madauki ba gargada, amma a ce ya rubuta wanda zai tara makin ƴan ajinsu ya fitar da matsakaici, sai ya yi tsuru-tsuru. Kuma tun da takardar jarrabawa ba ta iya bambance wanda ya haddace da wanda ya gane sosai, sakamakon da ake sanarwa kowace shekara ba ya nuna girman ramin.

Wannan ba ya nufin allo ba shi da amfani. Ƙirga da sifiri da ɗaya, ko jera lambobi daga ƙarami zuwa babba, ana iya koyar da su da ƴan katuna ko da tsakuwa, kuma ƙwararren malami yana yin hakan da kyau. A 2018 hotunan wani malamin Ghana, Richard Appiah Akoto, sun zagaya duniya yana zana fuskar Microsoft Word dalla-dalla da alli mai launi domin makarantarsa ba ta da kwamfuta. An yaba masa, kuma ya cancanci yabo. Amma ba don zanen ya fi ba ya yi shi, don babu yadda zai yi ne.

Yadda na'urorin suke shiga makarantu shi ma abin dubawa ne. Da yake gwamnati ba ta wadata kowace makaranta ba, an buɗe ƙofa ga ƴan kasuwa su kawo kwamfutoci su girka, iyaye kuma su riƙa biyan abin da ake kira kuɗin enformatik a farkon shekara, ban da na ƙungiyar iyayen yara. Inda iyaye ke da hali, a Duwala ko Yawunde, ɗakin kwamfuta yakan yi aiki. Inda manomi ke da yara huɗu a makaranta kuma kuɗin rajista ma sai an sayar da akuya, labarin daban ne. Sau da yawa kayan tsofaffi ne da aka gama amfani da su a Turai, kuma idan ɗaya ta mutu babu kason gyara. A ɗauki misali da aji mai ɗalibai 80 da na'urori 20 masu aiki: mutum huɗu ke nan a kan kowace, kuma a cikin sa'a guda mai ƙarfin hali ne zai riƙe maɓallan, sauran su yi kallo. Waɗanda aka fi turewa baya a irin wannan cunkoso, kowane malami ya sani, ƴan mata ne.

A jihohin arewa uku akwai ƙarin matsalar wuta. Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa sun daɗe suna dogaro da madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a farkon shekarun 1980 da ƙarfin megawat 72. Idan ruwa ya ja da rani sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ƙura ke cika fankar na'urori. Tashoshin hasken rana da aka buɗe a Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin a birane, amma kwalejin ƙauye da ba a taɓa ja mata waya ba ba ta san an yi ba.

Batun malamai ne ya fi nauyi, kodayake ba a cika ɗaukarsa a hoto ba. A watan Fabrairun 2022 malaman sakandare suka ajiye alli a ƙarƙashin yunƙurin da aka sani da OTS, suna kukan shekarun da wasunsu suka yi suna aiki ba cikakken albashi, ba ƙarin girma. Wannan ya shafi kowane fanni, amma malamin kwamfuta ya fi sauran samun mafita. Wanda ya iya rubuta manhaja ko haɗa na'urori a kan layi, kamfanin waya da banki da ƙungiyoyin agaji duk suna nemansa, ga kuma hanyar Kanada da malaman ƙasar da dama suka bi a ƴan shekarun nan. Wanda aka tura wata kwaleji mai nisa a kan iyakar Chadi, ba wuta ba na'ura, da wuya ya daɗe. Gurbinsa sai a cike da malamin lissafi ko wani matashi na wucin gadi da ƙungiyar iyaye ke biya, wanda shi ma da littafi ya koyi abin.

Ganin haka ne ya sa har yanzu ake tambaya kan shirin kwamfutoci 500,000 ƙirar PB Hev da shugaban ƙasa ya yi wa ɗaliban jami'a alkawari a 2016, aka soma rabawa a ƙarshen 2017, a cikin wani aiki na sefa biliyan 75 da aka ciwo bashi daga China. Ko da an ajiye ƙorafin da aka yi kan ƙarfin na'urorin, kyauta ce ta hannu da mutum zai tafi da ita gida. Wani kaso na wannan kuɗi da an zuba shi a ɗakunan kwamfuta na lise, da faifan hasken rana da batir da albashin mai gyara, da ƙarni bayan ƙarni na ɗalibai sun amfana. Darasin Peru ma yana nan: bayan raba wa yara dubban ɗaruruwan kwamfutoci, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ci gaba a lissafi ko karatu ba. Na'ura ba ta koyarwa idan ba malami.

Mabuɗin gyaran dai yana hannun masu shirya jarrabawa, domin abin da ake tambaya shi ake koyarwa. Najeriya ta nuna haka a wani ɓangare: tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin koyo suka tsiro har a ƙananan garuruwa, kodayake latsa amsa ba ilimin kwamfuta ba ne. Idan Kamaru ta wajabta wa kowane ɗalibi gwajin aiki a gaban na'ura, shugabannin makarantu ba za su ƙara barin ɗakin a kulle ba. Haɗarin shi ne a yi hakan kafin a kai kayan aiki, sai ɗan Mora da ɗan Tcholliré su faɗi a kan laifin da ba nasu ba. Kayan kuwa ba lallai su yi tsada ba. Scratch da Python kyauta ne kuma suna aiki ba intanet, ƙananan kwamfutoci irin Raspberry Pi ba sa shan wuta sosai, har wayar hannu ta Android tana iya ɗaukar ƙananan manhajojin gwaji, ko da yake dokar makarantun sakandare ta hana ɗalibi shiga da waya, abin da ma'aikatar za ta sake dubawa idan tana son bin wannan hanya.