Kafin ku ƙera manhaja, wa kuka tambaya a Ajekoriya?

Matasanmu masu ilimin kwamfuta a Maradi da Yamai suna ta ƙoƙarin ƙera manhajojin waya, wata ta farashin hatsi, wata ta cinikin bisashe. Madalla. Yadda ake jin ra'ayin mutane ne bai kwanta mana ba.

Sai a rubuta tambayoyi da Faransanci a Google Forms, a jefa a WhatsApp, bayan kwana biyu a ce an ji bakin manoma. Wane manomi? Mai cika wannan takarda malamin makaranta ne ko ɗalibi mai babbar waya da kuɗin intanet. Manomin Ajekoriya ƙaramar salula gare shi. Mai saida ƙuli-ƙuli kuwa, wata sa'a wayar ma ta mai gida ce.

Ko an tako ƙafa an zo, akwai wani tarko. Mun saba da anket ɗin ƙungiyoyin agaji, duk wanda ya ga baƙo da biro zai ɗauka sunayen tallafi ake rubutawa. Ka ce masa "kana son manhaja kaza?", wallahi "e" za ka ji, ko bai gane ba.

Ku bar tambayar "kana so". Ku ce: makon jiya wa ya faɗa maka kuɗin tiyar wake a kasuwar Dakoro? Nawa ka kashe wajen kira? Kuma da Hausa, baki da baki. RECA ma da kira da saƙon murya take ba manoma shawara.