Tuna baya: Tsofaffin kamiyoyin Damagaram da abin da ya kashe su

Har yanzu in dattawan Zango suka zauna hira, wuya ne a tashi ba a ambaci Berliet ba. Wasu su tuna ƙugin injinta da asuba, wasu su tuna aparanti yana biye da ita a hawa, riƙe da guntun itace da zai tokare taya in ta fara komawa da baya. Yau gawarwakin irin waɗannan motoci suna kwance bayan garejoji, awaki na shan inuwa ƙarƙashinsu. Matasa sukan ce tsufa ne ya kashe su. Masu tunani kuwa sun san rashin kaya ne.

Kafin mota, raƙumi ne sarkin hanya. Tun zamanin Sarki Tanimun ayarin Buzaye da Larabawa ke haɗa Damagaram da Tarabulus, kuma da wannan fatauci attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi babban birnin ƙasa daga 1911 zuwa 1926, sannan suka koma Yamai. Amma abin da ya juya akalar kasuwa shi ne jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. Daga nan kaya suka daina fuskantar arewa, suka fuskanci kudu, wajen kilomita 240 kacal.

A 1933 wani Bafaranshe, Georges Estienne, ya kafa kamfanin SATT, wanda motocinsa ke tasowa daga birnin Alje, su ratsa Tamanrasat da Agadas, su yada zango a Damagaram, su wuce Kano. Wannan hanya ta kawo wasiƙa da matafiya. Sai dai abin da ya cika kamiyo har ya ciyar da mai ita da direba da aparanti, gyaɗa ce. Da kaka ta yi, sai kasuwannin Magarya da Matamaye su cika da buhuna, kantunan Turawa irin su CFAO da SCOA na saye ta hannun dillalai, motoci na kwasa dare da rana.

Da dalar gyaɗa ta taru a Kano har jirgin Nijeriya ya kasa kwashewa, sai hukumar mulkin mallaka ta ɓullo da wata dabara a 1953, aka sa mata suna Opération Hirondelle. Kamiyo ta ɗauki gyaɗa daga gabas, ta bi ta Maraɗi da Dosso da Gaya, ta sauke a Paraku ta ƙasar Dahome, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ita kilomita 438 zuwa gaɓar teku a Kwatano. Tafiya ce mai nisa ƙwarai, mai tsada. Sirrin shirin shi ne motar ba ta dawowa wayam: tana juyowa da man fetur da siminti da kayan kanti, kuɗin dakon zuwa da na dawowa suna rufa wa juna asiri. Gadar Gaya ta 1958 ta raba direbobi da jiran kwale-kwalen fito, kamfanin OCDN kuma ya karɓi ragamar hanyar a 1959.

Bayan mulkin kai, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 domin cinikin gyaɗa, ta kafa SNTN a 1963 domin jigila. A gefensu kuwa ga alhazan gari masu mota ɗaya ko biyu, waɗansu Berliet daga Faransa, waɗansu Marsandi mai bodin katako da kafintocin Kano suka ƙera, an yi mata ado da fenti da kalmomin wa'azi. Da yawa daga cikin masu motocin nan da aparanti suka fara: shekaru ana wanke mota, ana cika radiyeta, ana kwana bisa kaya, kafin maigida ya yarda a taɓa sitiyari.

Aikin ba na raggo ba ne. Kafin a shimfiɗa gudro, wajen kilomita 900 da ke tsakanin Damagaram da Yamai gargada ce mai kwance ƙusa, ga shingen damina inda ake tsare manyan motoci har hanya ta bushe. Hanyar Tanut zuwa Agadas kuwa rairayi ne, sai an tono taya an shimfiɗa faifan ƙarfe, a ci gaba taki kaɗan, a sake tonowa. Direba shi ne makaniki, shi ne ɗan saƙo, shi ne ma'ajin kuɗin fatake, ba takarda ba sa hannu, sai amana. A lokacin fari na 1973 da 1974, irin waɗannan motoci ne suka kai hatsin agaji garuruwan da yunwa ta tsare.

Wannan farin shi ne kuma mafarin faɗuwarsu. Ciwon da ya faɗa wa gyaɗa a 1975 ya ƙarasa abin da fari ya rage, manoma suka koma gero da wake. Arzikin ƙasa ya koma yuraniyom na Arlit, hanyarsa kuwa ta bi ta Tawa, ba ta Damagaram ba. Motar da a da ke tafiya cike ta dawo cike, sai ta koma tafiya da rabin kaya ta dawo da iska. Sunan Berliet kansa ya ɓace cikin kamfanin Renault a 1980. Sannan karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin taya da kayan gyara da ake shigowa da su. Mai mota biyu ya yanka ɗaya ya raya ɗaya, daga baya ita ma ta kwanta.

Ga attajiri, darasin a fili yake: ba a sayen kamiyo don ganin maƙwabci ya saya, sai an san abin da za ta kai da abin da za ta kawo. Ga ma'aikacin hukuma kuwa, gudro kaɗai ba ya raya jigila in gona ba ta ba da abin ɗauka ba, kuma kowane shinge da ya tsayar da direba ba bisa ƙa'ida ba, a bakin mai sayen hatsi kuɗin ke fita. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 ta dawo da jerin tankoki hanyar Tanut, amma tanka ba ta ɗaukar wake ko albasa.

Saura abu ɗaya da bai kamata a jinkirta ba. Tsofaffin direbobi da makanikai suna ta ƙarewa, iliminsu na tafiya da su. Ya dace ƙungiyar masu motoci da hukumar gari su naɗi maganarsu tun suna da rai, su kuma ceto Berliet ko guda daga hannun masu sayen tsohon ƙarfe, a ajiye ta inda ƴan makaranta za su gan ta. Itacen Tenere da kamiyo ta kayar a 1973 ya samu mazauni a gidan tarihi na Yamai. Motar da ta ciyar da Damagaram ita ma ta cancanci inuwa.