Tsaron Jiragen Sama: Darasi Daga Garkuwar Jiki

Duk ɗalibin ilmin halittu ya san garkuwar jiki ba ta yaƙar duk abin da ya shigo. Fararen ƙwayoyin jini suna duba alamomin da ke jikin baƙo, kuma suna tuna wanda ya taɓa yin ɓarna. A ganina, haka ya kamata tsaron jiragen sama ya kasance: a auna haɗari, a kai ƙarfi inda yake.

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, Amurka ta tsananta binciken kowa da kowa. A Disambar shekarar Richard Reid ya ɓoye bam a takalminsa, daga bisani aka tilasta wa fasinjoji tuɓe takalma, dokar da ba a janye ba sai 2025. Makircin da aka gano a Ingila a 2006 ya sa aka taƙaita ruwan da ake shiga da shi zuwa mililita 100. Kullum sai ɓarawo ya wuce ake bin sawunsa.

To, da me za a auna haɗarin? A Nuwambar 2009 mahaifin Umar Faruk Abdulmutallab ya kai kukansa ofishin jakadancin Amurka a Abuja. Duk da haka, ranar 25 ga Disamba saurayin ya hau jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit da bam a jikinsa. Labari ya isa, ba a yi aiki da shi ba. Sai a Janairun 2010 aka sa Nijeriya cikin ƙasashe 14 da za a riƙa yi wa matafiyansu bincike na musamman, wai wake ɗaya ya ɓata gari. A Afrilu aka sauya tsarin. Garkuwar da ke dukan lafiyayyen nama ita kanta cuta ce.

Fasfo ba ya nuna niyya. A 1986, a filin jirgin Heathrow, an sami bam a jakar wata mai juna biyu 'yar ƙasar Ailan, wadda saurayinta ya ba ta ba da saninta ba.

Saboda haka a dogara da sahihin labari da halin matafiyi, a bar zancen ƙasarsa ko addininsa. Sannan kada a daina binciken ba-zata a kan kowa. Ƙwayar cutar barci takan sauya rigarta don ta ɓace wa garkuwar jiki, kuma maharin da ya gane kamannin da ake nema zai aiko da wanda ba ya kama da su.