An gama maganin tarin fuka, amma hakin bai tafi ba



Da zarar hunturu ya kama, ƙorafin nan yake yawaita: Inna ta kammala wata 6 na maganin tarin fuka, an gwada kaki an ce ƙwayar cutar ta mutu, amma daga ɗaki zuwa bakin famfo sai ta dafa bango tana haki. Ba raki ba ne, ba kuma sammu ba. Tarin fuka kan bar tabo a huhu, haka ma hayaƙin icce na shekara da shekaru a madafa yana yi masa illa. Mai haki yana tsoron motsi, sai ya zauna. Zaman ya sa ƙafa ta yi sanyi, ƙafar da ta yi sanyi kuma ta fi saurin jawo haki.

Abin da ke tsinka wannan igiya shi ne shirin farfaɗo da huhu, wanda ma'aikatan sashen gashi suke jagoranta tare da mu nas-nas. Mako 6 zuwa 8 ne, sau biyu a mako: tafiya, tashi da zama a kujera, ɗaga gorar ruwa, da koyon shaƙar iska ta hanci a fitar a hankali ta baki kamar mai hura koko. Ba ya goge tabon, amma yana mayar da mutum kasuwa da masallaci. Manyan asibitoci irin su Barau Dikko da na Shika suna da sashen gashi, sai dai yawancinmu mun ɗauka na masu karaya da shanyewar ɓarin jiki ne kawai.

To ta yaya za ki gane shirin kirki? A Ingila, ƙungiyar likitoci ta Royal College of Physicians tana tantance irin waɗannan shirye-shirye kafin ta ba su shaidar inganci. A nan gida, hukumar MRTB ce ke yi wa ma'aikatan gashi rajista, tsarin SafeCare kuma yana auna asibitoci daga mataki na 1 zuwa na 5. Duk mun san ƙamshin sabon fenti idan baƙi za su zo duba asibiti. Mai tantancewa na gaske ba bango yake kallo ba, rajista yake buɗewa. Mutum nawa suka fara, nawa suka gama? An auna tafiyar minti 6 a baranda mai tsawon mita 30 ranar farko da ranar ƙarshe? Ƙarin kamar mita 30 shi ne wanda majinyaci yake ji a jikinsa.

Gyaran aiki ma daga rajistar yake fitowa. A ce an lura matan Kawo ba sa zuwa ranar Talata saboda kasuwa. Sai a sauya ranar na wata ɗaya, a sake ƙirgawa. In an ga ƙari a riƙe, in ba a gani ba a gwada wata dabarar. A ganina wannan ya fi sayen sabon keken motsa jiki, don wadda kuɗin Keke Napep daga Rigasa ya hana ta zuwa, keken asibiti bai amfane ta da komai ba.

Saboda haka idan kin raka Inna, ki tambaya a rubuta miki mita nawa ta yi, da abin da na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna. Idan ta daina zuwa, ki faɗa musu ainihin dalilin, ko da rashin kuɗin mota ne, kada ki ji kunya.

Amma fa in aka ga jini a kaki, ko zazzaɓi da zufar dare da rama sun dawo, a dakatar da atisaye a koma a sake gwajin kaki. A cibiyoyin DOTS, gwajin da maganin kyauta ne.