Na'urar Zuciya da Huhu: Ba Sayenta Ne Wuya Ba

Duk wanda ya ratsa G.R.A. ta Katsina da dare bayan an ɗauke wuta, ya san amon da ke tashi daga bayan katangu: kowane gida da janaretonsa. Haka kuma sha'anin lafiya yake a unguwar. Idan zuciyar mai gida ta motsa, sai a nemi biza da tikiti, a nufi Masar ko Indiya ko Ingila. Kowa ya haƙa rijiyarsa shi kaɗai, rijiyar gari kuwa ta ƙafe. Ina so mu duba wannan al'amari ta kan na'ura guda, watau wadda ke karɓar aikin zuciya da huhu sa'ad da likita ke tiyata.

Zuciya tana bugawa kimanin sau 100,000 a kwana guda, ga ta cike da jini. Likita ba shi da halin ɗinke ɓula a cikinta tana wannan motsi. Saboda haka sai a sa bututu a janye jini kafin ya shiga zuciya, a bi da shi ta cikin na'ura ta cire masa gurɓatacciyar iska ta ba shi oksijin, sa'an nan famfo ya mai da shi babbar jijiya ya zaga jiki. Ana ba majinyaci maganin hefarin don kada jinin ya daskare cikin bututu, a kuma tsai da zuciya da wani ruwa mai sinadarin fotasiyam. In an gama, sai a tashe ta ta ci gaba da aikinta.

Dokta John Gibbon ne ya fara cin nasara da wannan na'ura a Filadelfiya ta Amurka, ran 6 ga Mayu 1953, inda ta riƙe ran wata budurwa 'yar shekara 18 har minti 26. Daga baya aka samar da ƙanwarta mai suna ECMO, wadda ke iya riƙe mutum kwanaki ko makonni har huhunsa ko zuciyarsa su farfaɗo. A 1975 Dokta Robert Bartlett ya ceci wata jaririya da ita, kuma a annobar korona ta 2020 an dogara da ita ƙwarai a manyan asibitocin duniya.

To, kada a zaci mu baƙi ne ga wannan ilimi. Tun a watan Fabrairu 1974 aka yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu, inda Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa suka yi ta tare da Magdi Yacoub, ƙwararren likita ɗan asalin Masar. Amma daga 1974 zuwa 2000, tiyata 102 kawai aka yi a can. Daga bisani ma aikin ya tsaya cik na shekaru, sai a 2013 aka farfaɗo da shi. Ba ƙarancin basira ya jawo haka ba, rashin ɗorewar kuɗi da kayan aiki ne.

Wannan shi ne darasin da nake so mu riƙe. Na'urar ba ta aiki ita kaɗai. Tana bukatar wutar da ba ta yankewa, domin in wuta da batir suka gaza, da hannu ake juya famfon. Tana bukatar ma'ajiyar jini mai tsabta, da ɗakin kulawa ta musamman, da ma'aikatan jinya masu kwana a kan majinyaci, da gwani guda wanda ba shi da aiki sai sarrafa ta. Bututun da matatar iska kuwa sau ɗaya ake amfani da su, a jefar. Gwamnan da ya sayo ta ya yanke kirtani, alhali bai tanadi waɗannan ba, ya sayi doki ne babu ciyawa.

Su wane ne suka fi bukatarta a ƙasarmu? Da yawansu yara ne da matasa 'ya'yan talakawa. Yaro tsakanin shekara 5 zuwa 15 kan yi ciwon maƙogwaro wanda wata ƙwayar cuta ke haddasawa. In ba a ba shi fenisilin ba, jikinsa kan juyo ya yaƙi kansa, ya lalata ƙyamaren da ke cikin zuciya. Bayan shekaru sai a ga budurwa tana haki, ƙafa a kumbure, ko kuma ta rasu a cikinta na fari. Wannan cuta ta fi yaɗuwa inda ake cunkoson kwana. Ba ta cika shiga gida mai fili da lambu ba.

Wani zai ce, ina mu ina tiyatar zuciya, alhali zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna kashe yara? Maganarsa da ƙamshin gaskiya, rigakafi ya fi magani. Amma wanda ƙyauren zuciyarsa ya riga ya lalace, allura ba ta gyara shi. A Khartum ta Sudan, ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe Cibiyar Salam a 2007, inda aka yi wa dubban mutane tiyatar zuciya kyauta. Ashe talauci bai isa hujja ba.

Mu Katsinawa mun ga iyakar dogaro da waje. A Nuwamba 2009 aka kai Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa Jidda saboda kumburin tantanin da ke lulluɓe zuciya, ƙasa ta yi wata uku cikin ruɗani. Ya rasu ran 5 ga Mayu 2010, Allah Ya jiƙansa. In shugaban ƙasa sai an fita da shi, ina makomar 'yar manomi a Batsari?

Shawarata uku ce. Jihohin Arewa maso Yamma su haɗa hannu su riƙe cibiya guda mai aiki kowane mako, maimakon kowace ta sayi tata ta rufe a ɗaki, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A fara da horar da mutane kafin sayen ƙarfe. A kuma tabbatar da fenisilin a kowane ƙaramin asibiti, a rage kuɗin fitar da manya a zuba a nan.

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, gobe ku ne za ku tare a waɗancan gidaje, fayil ɗin kasafi ya zo teburinku. Ran da ya zo, ku tuna da yarinyar da ke haki a cikin gari. Allah Ya sa mu dace.